Tofin Yeyo

Mahaifiyata Noonkuta mace ce mai yawu, kuma ba zaginta nake yi ba. Duk yankin Ololulunga an san ta da shi. In aka yi haihuwa ita ake kira ta tofa wa jariri albarka a ka. In yaro zai tafi makarantar kwana sai ya zo ya sunkuya ta tofa masa. Ranar da na buɗe shagon duwatsun adona a Narok ta tofa wa ƙofa, ta tofa wa teburi, ta juya kan mai fenti, bawan Allah ya suri bokitinsa ya tsere. Mu 'ya'yanta kuwa, a jiƙe muka girma. Yeyo muke kiranta, kamar yadda kowa ke kiran uwarsa da harshenmu.

Autanmu Parsaloi ya yi boko, ya samu aiki a Nairobi, ya auro wata malamar makaranta 'yar ƙabilar Kamba daga Machakos, sunanta Kanini. Yarinya mai tsabta har ta yi yawa, irin waɗanda ke wanke sabulu kafin su yi wanka da shi. Ranar biki Yeyo ta kama kanta ta tofa mata a goshi. Babu wanda ya gaya wa baiwar Allah abin da zai faru, don Parsaloi sakarai ne. Sai Kanini ta zaro farin hankici ta goge, a gaban kowa. Yeyo ta koma mazauninta. Matan gari ne suka ɗauki maganar suka adana ta.

Shekaru suka ɗan ja kafin Allah ya ba su ɗa namiji. Da ya yi ƙwari suka kawo shi gida, aka yanka akuya, dangi suka cika tsakar gida. Yeyo ta karɓe shi ta ɗora a cinya. Abin da kowa ke jira shi ne ta tofa masa a ka, sannan ta zage shi, ta ce mummuna ne, don kada bakin mutane ya kama shi. Haka ta yi wa jikokinta duka. Ta dube shi, ta motsa baki, ta sake motsawa kamar akuya mai tuƙa. Sai kawai ta miƙa wa uwarsa shi. Ba tofi, ba zagi.

Wata tsohuwa a bayana ta ce a hankali, “Hankicin nan ne.”

Parsaloi bai jira naman ya nuna ba. Ya sa matarsa a mota suka tafi. Daga baya ya kira ni ya ce ƙafarsa ba za ta ƙara taka gidan ba, tunda an ƙi ɗansa. Kanini kuma ta ce yaron yana da kakanni a Machakos waɗanda ba sai an roƙe su ba, can zai san dangi. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Ɗan ƙanina guda, a ce zai tashi bai san ƙofar gidanmu ba saboda hankici!

Na rufe shago na hau mota na tafi in yi wa tsohuwa tas. Na same ta a inuwa tana jera duwatsu a zare, ga kofin shayi a gefenta.

Na ce, “Yeyo, ke yanzu da girmanki? Riƙon har ya kai kan jariri? Shi ne ya goge?”

Ta ce, “Siamanta, kin zo gaisuwa ne ko kin zo cizo?”

“Cizo na zo. Babur ma kin tofa wa. Babur, Yeyo! Mai fenti ma da ƙyar ya sha.”

Ta ci gaba da jera duwatsunta. Ina cikin sababi idona ya faɗa kan hannunta. Duk macen da ke aikin duwatsu a baki take jiƙa bakin zare, ni ma a wurinta na koya. Sai na ga ta tsoma zaren a cikin shayi ta murza. Ta zura 'yan duwatsu, ta kurɓi shayin, ta sake tsoma zaren. Muryarta ma na lura ta dushe, idanunta jajir, ga gwangwanin tabar hancinta a jefe ya yi ƙura.

Na ce, “Buɗe bakinki in gani.”

“Ni saniyar sayarwa ce?”

“Buɗe, ko in kira matan gari su taya ni.”

Ta buɗe. Wayyo! Harshen ya bushe ya tsattsage kamar fatar da aka manta a rana. Babu ko ɗigon danshi. Na zauna a ƙasa, faɗan da na taho da shi duk ya zube.

Ta ce tun daminar bara abin ya fara. Abinci ba ya wucewa sai da shayi, ido kamar an zuba yashi. Ranar da aka ɗora mata yaron ta nemi yawu ta ko'ina a bakinta, babu. Zagin ma ya maƙale, don ba a zagi ba tare da tofi ba.

Na ce, “To me ya hana ki faɗa?”

Ta dube ni kamar na tambaye ta me ya sa saniya ke da ƙaho. Ta ce, “In faɗa a ce me? A ce Allah ya karɓe albarkar bakin Noonkuta? Gara a ce na hana da a ce ba ni da shi.”

Sannan ta kama hannuna ta sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba. Ni! Ni da ko a barci aka ce ina magana. Da duka ta yi mini da ya fi sauƙi.

Na kai ta wurin likita a Narok. Aka ɗebi jini, aka sa mata wata 'yar takarda a fatar ido don a ga ko hawaye zai jiƙa ta, takardar ta fito kusan yadda ta shiga. Likitan ya ce yana zaton wata cuta ce mai sunan wani Bature, Shogiren ko wa, wadda garkuwar jiki ke ruɗewa ta koma tana yaƙar mai ita. Ya ce manyan rijiyoyin yawu da ake dubawa huɗu ne, biyu a gaban kunnuwa, biyu a ƙarƙashin muƙamuƙi, kuma su cutar ta fi afka wa, su da na hawaye. Sai mun je Nairobi, sashen hoton nukiliya, a ga wacce ta ƙafe wacce ke da saura.

Na ce, “Nukiliya? Likita, tsohuwar ba ta yi laifin da za a sa mata bam ba.”

Ya yi dariya ya ce ɗan kaɗan ne, a allura, kafin kwana ɗaya ya mutu ya fita da fitsari.

To a Nairobi ina za mu sauka? Uwa ba ta kwana a masauki ɗanta na da gida a gari. Na kira Parsaloi na ce ciwon ido ne, za a duba ta. Ya ce mu zo. Da muka isa gidansu a unguwar Rongai ya sunkuyar da kai, ta dafa, shi ke nan gaisuwar. Kanini ta karɓe mu da irin ladabin ma'aikatan banki, murmushi a baki, ido a wani wuri. Ta tuƙa ugali, tuwon masara ke nan, da ganye da nama, ta jera a teburi. Yeyo ta gutsuri loma ɗaya, ta juya ta a baki, ta juya, ta kasa haɗiyewa, ta ture kwanon ta ce a ba ta shayi.

Kanini ta ɗauke kwanon ta ce da ni a hankali, “Anti, abincina ma ba ya ciwuwa ke nan.”

Na buɗe baki. Yeyo ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin teburi, da ƙarfi kuwa. Na ce, “Tafiya ce ta gajiyar da ita.” Har yau ina mamakin yadda ban fashe ba a wurin.

Da safe Parsaloi ya sulale ya tafi aiki tun kafin mu fito. Kanini ce ta ce za ta kai mu a motarta, don duk fushinta ba ta iya barin tsohuwa ta yi kokawar motar haya. Ta taho da yaron tunda yana shan nono. A ƙofar sashen wata mata mai jiki da farar riga, Sista Nyaboke, ta tare mu ta ce jariri ba ya shiga nan. Kanini ta koma kan benci a ƙarƙashin wata bishiya a waje. Ina ganin daɗi ma ta ji.

Yeyo ba ta jin Swahili sai na ciniki, don haka ni ce tafinta. Abu na farko, Sista ta ce a cire duk abin da ke wuya da kunne. Nan aka fara daru. Duwatsun wuyan Yeyo hawa-hawa ne, ga na kunne masu waya har kafaɗa. Muna cirewa tana mita.

Ta ce, “Gaya mata ubanku ma har ya mutu bai ga wuyana haka ba.”

Sista ta ce, “Me take cewa?”

Na ce, “Ta ce kina da hannu mai taushi.”

Sista ta yi bayani ina juyawa. Za a yi mata allura a jijiya. Ruwan allurar yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, kuma rijiyoyin yawu suna zuƙo shi daga jini. Na'urar da za ta tsaya a kan fuskarta tana ganin hasken. In rijiya na aiki za ta cika, a gan ta. Can tsakiya za a ɗiga mata ruwan lemon tsami a baki, a ga ko rijiyar za ta juye abin da ta tara. Sharaɗi, ba motsi, ba magana, fiye da rabin awa.

Na ce, “Yeyo, an ce ba magana.”

Ta ce, “Ni aka gaya wa ko ke?”

Sista ta ƙara da cewa bayan an gama kada ta ɗauki jariri ko ta zauna jikin mai ciki sai gobe war haka, don maganin na jikinta, har a yawunta. Na juya mata. Ta taɓe baki ta ce, “Wane yawun? Wane jaririn? Dā ma ba ni ake yi?”

Ta kwanta, aka tallafe kanta, aka yi allurar, aka sauko da wani faffaɗan ƙarfe dab da fuskarta. Ban taɓa ganin Yeyo ƙarama haka ba. Ba duwatsu, ba murya, ƙafafunta biyu sun leƙo daga ƙarƙashin jan mayafinta. Tausayi ya kama ni, na koma kusa da Sista don kada ta gani ta zage ni daga baya.

A allon ba fuska na gani ba, wani duhu-duhu ne kamar hayaƙi. Sista ta nuna mini da biro inda rijiyoyin suke. Muka zuba ido. Na gaban kunnuwa shiru. Ta ƙarƙashin muƙamuƙin hagu shiru. Can sai ta dama ta fara nunawa, ɗan tabo kamar ƙwayar wake, yana ƙara duhu a hankali.

Sista ta ce, “Kin ga wannan? Tana sha.”

Na ce, “Ɗaya tak?”

“Likita ne zai yi muku bayani. Bari mu ga ko tana bayarwa.”

Ta ɗauki sirinji marar allura mai ɗan siririn tiyo ta zura a gefen bakin Yeyo ta matsa lemon. Kai! Fuskar tsohuwar ta tattare wuri ɗaya, 'yan yatsun ƙafarta suka lanƙwashe, amma ko gezau kanta bai yi ba. Matar da ta haihu tara a ɗakin ƙasa, lemon tsami ne zai motsa ta? Muka koma kan allo. Ƙwayar waken nan ta fara dusashewa.

Sista ta ce, “Yawwa. Ta juye. Wannan da ranta.”

Da aka gama aka ɗaga ƙarfen na ce, “To Yeyo, an sake ki, sai ki rama maganar da aka hana ki.”

Ta tashi zaune, leɓɓanta a damƙe, idanunta a waje. Na ce, “Lafiya?” Ta ture ni. Ta diro daga gadon ba takalmi, ba duwatsu, ta nufi ƙofa da saurin da ban san tana da shi ba. Sai da ta kai baranda na gane. Yawu ne ya zo mata, kuma ta san inda za ta kai shi.

Na kwasa a guje ina kiran Sista, Sista ta biyo ni takalmanta na ƙara. Muka same ta tsaye a gaban benci ta miƙa hannu biyu ga Kanini tana cewa, “Mm! Mm!” Kanini ta miƙe ta ƙanƙame ɗanta ta ja baya. Ban ga laifinta ba. Tsohuwar da ta ƙi ɗanka ta fito daga ɗakin nukiliya ba takalmi tana gurnani, ai ko ni sai na ja baya.

Sista ta shiga tsakani tana haki. Ta ce, “Mama, a'a! Ba yau ba! Maganin na cikin yawun!”

Kanini ta ce, “Wane yawu? Ba ido aka zo dubawa ba?”

Sista ta dube ni, don ba aikinta ba ne ta tona ciwon mutum. Na dubi Yeyo. Ta zare mini ido tana girgiza kai. Nan Allah ya ba ni basira.

Na ce, “Yeyo, na rantse miki, ban manta ba. Amma yanzu zan faɗa. In ba ki yarda ba, buɗe baki ki ce a'a.”

Ta harare ni harara mai kisa. Ta ɗaga hannu kamar za ta mare ni. Amma bakin nan bai buɗu ba.

Na ce, “Kun dai gani, ba ta hana ba.”

Na juya ga Kanini na zazzage mata komai, da zaren da ake tsomawa a shayi, da harshen, da ugalin jiya, da ranar da aka ɗora mata yaro ta nemi yawu ta rasa. Na ce, “Ba hana shi ta yi ba, ƙanwata. Babu ne. Wannan da ke bakinta shi ne na farko tun bara, kuma ga inda ta kawo shi.”

Kanini ta tsaya kamar an dasa ta. Yeyo ta dubi Sista, ta haɗa yatsa biyu ta nuna mata, wai ɗan kaɗan fa. Sista ta girgiza kai ta ce, “Ko kaɗan, Mama. Jariri ne. Ki bari sai gobe.” Na juya mata da harshenmu.

Yeyo ta sauke hannuwanta. Ta daɗe tana kallon yaron, shi kuwa yana ta tsotsar hannunsa bai san ana yi ba. Sai ta ja da baya taku biyu. Na ga maƙogwaronta ya motsa. Ta haɗiye.

Ta ce da dusasshiyar murya, “Gobe kuma wa ya sani ko zai dawo.”

Fuskarta ta yi duk abin da fuskar mai kuka ke yi, amma ido a bushe. Ban juya wa Kanini maganar ba, ba ta kuma tambaya ba. Hawaye kawai na ga yana zubo mata, mai yawa, ya isa mutum biyu.

Likitan sashen ya ce cutar ba ta warkewa, amma ana lallaɓa ta. Ya rubuta maganin ɗigawa a ido da na sha, ya ce ta riƙa kurɓar ruwa, a kuma kula da haƙoranta. Rijiya ɗaya na aiki, ya ce, sai a riƙa tattalinta. Kanini ce ta tambaye shi, ba ni ba, ko lemon gida zai yi abin da na asibiti ya yi. Ya ce zai iya, amma kada a mayar da shi abinci, don yana cin haƙori. Da na juya wa Yeyo ta ce, “Haƙoran nawa suka rage da zai ci?”

Ranar a ɗaki daban ta wuni, ko kusa da yaron ba ta zo ba. Kanini ta dama mata kunu mai ruwa-ruwa ta miƙa mini in kai mata, ta shanye tas. Parsaloi ya dawo ya ji labari, ya zauna a mota ya daɗe bai shigo ba. Na leƙa ta taga na ce masa in ya gama jin kunyar, abinci na sanyi.

Washegari da la'asar, da lokacin da Sista ta faɗa ya wuce, Kanini ta fito daga kicin da lemon tsami a faranti, ta raba shi biyu. Ta ɗora wa Yeyo yaron a cinya da hannunta. Yeyo ta mayar da duwatsunta duka, ta zauna ƙyam. Ta ɗauki ɓari ɗaya ta tsotsa, fuskar ta tattare. Muka jira. Ni da ba na iya shiru, ranar ko tari ban yi ba. Ta motsa baki, ta motsa, ta sa yatsa tana murza ƙarƙashin muƙamuƙinta na dama kamar mai tatsar akuya. Har na fara cewa a raina shi ke nan, na jiya ne na ƙarshe.

Sai ta sunkuya. Tuf. Ɗan mitsitsi, da ƙyar ya jiƙa gashi uku.

Ta ɗaga yaron ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Kai, mummuna! Ji kunnuwa kamar na ubansa. Wa zai kalli wannan?”

Parsaloi ya rufe fuska da hannu. Kanini ta ce, “Anti, me ta ce?”

Na ce, “Ta ce ɗanki mummuna ne.”

Ta ce, “Na gode, Yeyo.” Ranar ta fara kiranta haka.

Yeyo ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya ɓarin. Wannan karon jiran ya fi tsawo, har yaron ya yi barci. Parsaloi ya matso ya sunkuyar da kai yana jira. Ta ture shi gefe da gwiwar hannu, ta kamo kan Kanini ta jawo, ta tofa mata a goshi. Iska ce ta fi yawa, amma na ga ɗan danshi yana ƙyalli. Akwai tawul ɗin yaro fari fat a kafaɗar Kanini. Na zuba wa hannunta ido, Yeyo ma ta zuba. Hannun bai tashi daga cinyarta ba.

Parsaloi ya ce, “Yeyo, ni fa?”

Ta ce, “Rijiyar ta ƙafe. Ka zo gida ka nema, kai da ka ce ba za ka ƙara takawa ba.”

Kafin magariba na ɗora ruwa na ce a ba ni yaron in yi masa wanka, tunda na san uwarsa ba ta tsallake wanka ko da za a yi girgizar ƙasa. Ta miƙo mini shi, da sabulu, da soso, da tawul biyu. Har na juya ta riƙo hannuna.

Ta ce, “Anti, ki wanke jikin kawai. Ki bar kan.”